Sanin Shanu da Katin Bita

 

Yau ina so ne mu tattauna kan wata 'yar dabara ta karatu wadda, in ka ji ta da farko, za ka ce ai wannan wasan yara ne. Dabarar ita ce a samo hoto ko zane mai sunaye a jikinsa, kamar zanen ƙasusuwan jikin mutum ko taswirar ƙasa, a rufe sunayen nan kaf, sannan mutum ya riƙa tambayar kansa: wannan da kibiya ta nuna, mene ne sunansa? In ya faɗa, sai ya buɗe ya duba ko ya dace. Iyakar abin ke nan. To amma na ga aikin da 'yar dabarar nan ta yi a gidana har sau biyu, kuma na biyun ya shafi duk wanda ke renon 'ya'ya a garin da ba a jin Hausa a bakin titi.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata buga takardu da fotokwafi a nan Sabo, cikin Badun, yau shekara 20 da 'yan kai. Da yake ba mu da nisa da asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe tun 1957, da yawa daga cikin masu kawo mini aiki ɗaliban likita ne da na aikin jinya. Tun kafin babbar waya ta zama ta kowa, akwai wani aiki da suke yawan kawowa. Ɗalibi zai shigo da ƙaton littafin nan na zane-zanen jikin mutum na Frank Netter, ya buɗe shafi ya ce a yi masa kwafi biyu. Na farko yadda yake. Na biyun kuwa sai ya zauna a kan benci ya karɓi almakashi, ya yayyanka 'yan siraran takardu ya ɗora a kan kowane suna, sannan a buga. Sai ka ga hoton hannu an feɗe shi, layuka sun fito ta kowane gefe kamar ƙayar bushiya, amma babu suna ko ɗaya. Wani ma kwafi 10 zai ce a yi masa na marar sunan. Ya je gida ya cike da fensir, ya gwada da mai sunan, gobe ya ɗauko sabo.

Dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne. A jarrabawar gwaji ta ilimin sassan jiki, jera tebura ake yi, kowanne da abin da aka ajiye a kai: nan ƙashi, can wani sashe na gawa an soka masa allura ko an ɗaura zare a kan wata jijiya, can kuma madubin ganin ƙananan abubuwa. Ɗalibi zai tsaya a gaban kowane tebur ɗan lokaci kaɗan ya rubuta sunan abin, da an kaɗa ƙararrawa ya matsa gaba, ko ya rubuta ko bai rubuta ba. Ƙashin da ke kan tebur ba ya zuwa da suna a jikinsa. Saboda haka ɗalibin da ya saba ganin hoto da sunansa a gefe, ranar ne zai fara ganin abin tsirara.

Bahaushe na da kalmar da ta dace da wannan matsala, wato sanin shanu. Akwai mutumin da kake gani kullum a kasuwa, kuna gaisawa, ka san fuskarsa, ka san irin hular da yake sawa. Ranar da aka ce maka "wane ne sunan wancan?" sai ka hau sosa ƙeya. In wani ya faɗi sunan kuma, caraf ka ce "ƙwarai kuwa, ai na sani." Haka karatun hoto mai suna yake. Ido zai sauka a kan zanen, ya zame ya faɗa kan sunan, zuciya ta ce na san wannan. A yi haka sau biyar, yaro ya rufe littafi yana jin ya gama. Alhali duk tsawon lokacin shafin ne ke ba shi amsa tun kafin ya nema. Iyaye da yawa sukan same ni a shago su ce, "Malam, yaron nan kullum yana kan littafi, amma in sakamako ya fito sai a hankali." Ni ba malamin makaranta ba ne, amma sau da yawa nan gizo ke saƙar.

Masana ma sun gwada abin. A 2008 wasu masu bincike biyu a Amurka, Karpicke da Roediger, sun ba ɗalibai kalmomin Sawahili 40 da ma'anarsu da Turanci. Kowa ya koya har sai da ya iya faɗin ma'anar kowace kalma sau ɗaya. Bambancin shi ne, wasu an ci gaba da yi musu tambaya a kan dukkan kalmomin, wasu kuwa da zarar sun ci kalma sai a daina tambayarsu ita, ko da an bar su suna sake karanta ta. Bayan mako guda, waɗanda aka yi ta tambaya sun tuna kusan kashi 80 cikin 100, sauran kuwa ba su wuce kashi 33 zuwa 36 ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, da aka tambaye su tun farko nawa suke jin za su tuna, dukkansu kusan rabi suka ce. Ma'ana, wanda bai riƙe ba da wanda ya riƙe, a ransu duk ɗaya suke ji.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai ce ai wannan tsohon labari ne, kuma da gaskiyarsa. Malam ba ya barin ka wanke allo don ka iya bin rubutun da yatsa. Sai ka kife allon ko ka miƙa masa, ka kawo da ka. Bayan ka wanke ma ba a rabu da kai ba, ga tilawa nan tana jiranka, ana komawa baya a kai a kai don kada na baya ya zube.

Wannan komawa bayan ita ce rabi na biyu na dabarar, domin rufe suna sau ɗaya ba ya wadatarwa. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya gwada a kan kansa, ya yi ta haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda suke gudu. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a farko: bayan kwana ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya rage na amfanin haddar, daga nan kuma sai zubewar ta lafa. A 1972 wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya fito da tsarin akwati mai gida-gida: katin da ka ci ya matsa gidan gaba, inda ba a yawan dubawa, wanda ka faɗi ya dawo gidan farko. A 1987 Piotr Woźniak, ɗan ƙasar Folan, ya ɗora wa kwamfuta wannan lissafi a manhajarsa SuperMemo, kuma shi ne a 1999, cikin wasu ƙa'idoji 20 da ya rubuta kan yadda ake tsara abin hadda, ya ba da shawarar a riƙa rufe wani sashe na hoto kamar yadda ake cire kalma a jimla a ce wa ɗalibi ya cike gurbi. Sai kuma Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006. Sunan kalmar Japananci ce mai nufin hadda.

Ni dai ban san Anki ba sai a 2022, lokacin yajin aikin malaman jami'o'i da ya ɗauki wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. 'Yar wajena ta fari (kun san al'ada, ba zan kama suna ba) tana karatun likita a wata jami'a a nan ƙasar Yarbawa, kuma yajin ya same ta ne tana fuskantar babbar jarrabawar nan da ake haɗa ilimin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi da na sinadaran jiki. Wannan jarrabawa ita ce siraɗin ɗaliban likita. Wanda ya faɗi sai ya sake, ko ya maimaita shekara, in abin ya ci tura a ce ya nemi wani fannin. Ni kuwa na san abin da na sayar kafin ta kai wannan mataki. Wata 8 a gida, ga mantuwa na cin abin da aka koya kamar gara, gaskiya hankalina bai kwanta ba.

Sai ta riƙa bi na shago kullum da safe, ta zauna a kan kwamfutar da ke lungu. Ga yadda take yi. Za ta ɗauki hoton shafi da waya, ko ta sa a na'urar kwafi ya shiga kwamfuta. Ta buɗe shi a cikin Anki, ta ja ɗan akwati mai launi a kan kowane suna. Kowane akwati da ta ja, manhajar za ta mayar da shi kati guda mai zaman kansa. Misali wuyan hannu, ƙananan ƙasusuwa 8 ne a jere biyu. Cikin minti biyu ta samu kati 8. In aka tuna cewa jikin babban mutum na da ƙashi 206, jijiyoyin da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa tagwaye 12 ne, tsokoki kuwa sun haura 600, mai karatu zai ga dalilin da ya sa ɗaliban likita suka rungumi abin hannu bibbiyu.

Wajen rufewar akwai zaɓi biyu. Ko a rufe dukkan sunayen a tambaye ka ɗaya, ko a rufe ɗaya tak a bar sauran a buɗe. Ita na farkon take amfani da shi, ta ce na biyun yana bari mutum ya yi wa kansa wayo: in ka ga sunaye 7 a buɗe, na takwas ɗin ba sai ka san shi ba, wanda babu a jerin shi ne amsa. Idan kati ya fito, za ka ga hoton da akwati ɗaya ya canza launi. Ka faɗi sunan, ka danna ya buɗe, sannan ka gaya wa manhajar gaskiya ta ɗaya daga maɓallai huɗu: na manta, da ƙyar, daidai, ko cikin sauƙi. Wanda ka manta zai dawo cikin 'yan mintuna. Wanda ka ci zai tafi sai gobe, sannan bayan 'yan kwanaki, sannan makonni, har ya kai watanni. A wancan lokacin sai an ƙara wa Anki wata 'yar manhaja daban kafin ta iya rufe hoto, amma daga ƙarshen 2023 an saka abin a cikinta da sunan Image Occlusion, a 2024 kuma ya iso wayoyin Android. Kyauta ce a kwamfuta da Android, ta iPhone ce ake saye wajen dala 25. Kuma bita ba ta buƙatar intanet, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai auna data da cokali.

Kada in cika ku da yabo, abin yana da ramukansa, kuma ita da kanta ta nuna mini su. Babba a ciki shi ne mutum ya haddace wurin akwatin maimakon abin da ke ƙarƙashinsa. Bayan ka ga hoto ɗaya sau 20, hannunka ma ya san cewa akwatin da ke sama ta dama amsarsa kaza ce, ko da ba ka kalli zanen ba. Wato sanin shanun ya sake shigowa ta taga. Ranar da aka juya ƙashin, ko aka kawo na hagu maimakon na dama, sai ido ya raina fata. Maganin da ta samu shi ne ta yi wa abu ɗaya kati daga hotuna daban-daban: zanen littafi, hoton ƙashi na gaske, hoton da aka ɗauka ta baya. Aiki ne ninki uku, amma babu wata gajeriyar hanya.

Sannan suna kaɗai ba ilimi ba ne. Ta ba ni misali da wata jijiya da ke zagayawa ta bayan ƙashin damtse. Kati zai koya maka sunanta da inda take. To amma abin da likita ke buƙata shi ne ya san cewa in ƙashin nan ya karye a tsakiya yakan taɓa ta, sai wuyan hannu ya saki ya kasa ɗagowa. Wannan sai an karanta an fahimta tukuna, kati ya biyo baya ya riƙe. Shi kansa Woźniak ƙa'idarsa ta farko ke nan, kada mutum ya haddace abin da bai gane ba. Akwai kuma haɗama. Anki takan ba ka sabon kati 20 a rana in ba ka canza ba. Wasu sukan mayar da shi 100, ko su sauko da dubban katunan da ɗaliban Amurka suka haɗa. Bayan mako biyu bitar ta taru ta zama bashi, a buɗe waya a ga ɗaruruwa na jira, a rufe, shi ke nan an rabu. A ganina katin da mutum ya yanka da hannunsa ya fi albarka, don wajen zaɓar abin da zai rufe ma ya yi rabin karatun.

Allah cikin ikonSa aka koma makaranta, ta rubuta jarrabawar ta haye. Alhamdu lillahi.

Abu na biyu ya faru ne bayan ta fara shiga ɗakunan marasa lafiya. An kwantar da wani dattijo, ɗan kasuwar shanu daga Arewa, ba Turanci ba Yarbanci. Aka ce ina Bahaushiyar nan, ta zo ta yi tafinta. Dattijo ya yi bayaninsa tsaf: nan kwiɓinsa na hagu ne ke masa nauyi, in ya ci abinci kaɗan sai ya ji ya cika. Duk ta gane, ta mayar da Turanci ba gargada. Sai babban likita ya ce ta gaya masa wani abu a cikinsa ya kumbura, ya faɗi sunan abin. Ta san shi da Turanci, ta san jijiyoyin da ke kai masa jini, ta san haƙarƙarin da yake fakewa a bayansu. Da Hausa kuwa ya ƙi zuwa. Ta tsaya tana nuni da hannu tana cewa "wani abu a nan, Baba." Dattijon ya dube ta ya ce, "'Yata, wane abu?" Da daddare ta kira mahaifiyarta ta kwatanta mata. Uwar ta ce, "Saifa kike nufi?" Ta ce, "Wayyo, saifa! Ai na sani!"

Da ta zo hutu take ba ni labari, ta ce, "Baba, irin na katin nan ne fa. In an faɗa na gane, in ni zan faɗa babu."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin halin da yawancin 'ya'yanmu ke ciki ke nan a Kurmi. Ka yi musu Hausa su ji ka sarai, su amsa maka da Turanci ko buroka ko Yarbanci. Mu kuma sai mu ce ai yana ji, kamar yadda ɗalibin can ke cewa ai na karanta. Ka aiki yaro wajen mahauci ka ji abin da zai ce: shaki, fuku, edo, ponmo. Ka ce masa tumbi, huhu, hanta, ganda, zai gane. Shi dai ba za su fito daga bakinsa ba. An kafa Sabo tun 1916, kuma a littafin da Abner Cohen ya fitar a 1969 ya nuna yadda Hausawan unguwar suka riƙe harshensu da al'adunsu gam, domin da su suke tsare cinikin goro da shanu. Har gobe Hausa na da rai a cikin Sabo. To amma da yawanmu shago ne kawai a nan, gida yana wata unguwa inda mu kaɗai ne Hausawa a layin, yara kuma tun daga safe har la'asar suna makarantar da ba a jin ko "sannu". Kalmomin yau da kullum suna nan. Waɗanda ke fara sulalewa su ne waɗanda ba a bukata sai jifa-jifa, kuma sunayen sassan jiki na cikinsu, ga shi kuwa ranar da ake bukatarsu ba ranar wasa ba ce.

Sai muka yanke shawarar mu juya dabarar. Hotunan dai su ne, amma a goge Turancin a kwamfuta, a rubuta Hausa, sannan a rufe. Ƙamus ɗinmu kuwa surukata ce, Hajiya, wadda aure ya kawo ta Badun daga ƙasar Haɗeja tun tana yarinya, amma Hausarta ko gezau. Da aka nuna mata zanen farko ta kawar da kai ta ce, "A'uzu billahi, feɗaɗɗen mutum kuka kawo mini da rana tsaka?" Aka ajiye littafi. Ta ce jikarta ta matso, ta riƙa taɓa jikin yarinyar tana faɗa, mu kuma muna rubutawa: maɗiga, ƙeya, dasashi, ganɗa, beli, muƙamuƙi, maƙogwaro, allon kafaɗa, haƙarƙari, kwiɓi, kwankwaso, mara, ƙwauri, sha-raɓa, idon sawu. Da aka zo sha-raɓa autanmu ya fashe da dariya ya ce wane irin suna ne wannan. Hajiya ta ce, "Kai da ba ka taɓa sammakon gona ba ina za ka sani? In ka ratsa ciyawa da asuba, ina ne ke fara jiƙewa?" Wannan kalma ko kati ba mu yi mata ba, ta zauna masa.

Anki na karɓar murya, saboda haka muka ɗauki muryar Hajiya tana faɗin kowane suna, muka liƙa a bayan katin. Wannan ya zama dole, don yaran da suka tashi a nan harafin ƙ na ba su wuya ƙwarai. Auta ya ɗauki kwana uku yana sanar da mutanen gida cewa jikin mutum na da kashi 206, har sai da Hajiya ta zaunar da shi ta ce in bai gyara bakinsa ba kada ya ƙara faɗin wannan magana a gaban baƙi.

Daga jikin mutum muka koma kan saniya. Na je kara na ɗauko hoton wani bijimi da wata saniya, muka sa tozo, ƙaho, kofato, hantsa, bindi. Muka yi na taswira ma, jihohi 36 da aka cike tun 1996, da ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, jihar da aka cire daga Kano a 1991. Auta na iya nuna Ogun da Osun da Ondo ido rufe, amma da aka ce ya nuna jihar kakanninsa sai ya ɗora yatsa a kan Zamfara. Yanzu ya daina.

Matsalar haddace wurin akwati kuwa, Babbar Sallah ce ta yi mana maganinta. Ranar layya da aka feɗe rago, yayarsa ta tsayar da shi a gaban tire, duk abin da mahauci ya ciro sai ta ce, "Wannan fa?" Babu kibiya, babu akwati, ga jini ga ƙuda. Ya ci hanta da huhu da zuciya da tumbi da hanji. Ya tsaya a kan ƙoda ya yi jim, sannan ta zo. Saifa kuwa ita ta riga shi faɗa, da ƙarfi, har mahaucin ya ɗago kai ya dube ta.

Wani maƙwabcin shagona, dattijo mai sayar da carbi da turare, ya ga abin da muke yi ya ce shi bai yarda ba, harshe a nono ake shan sa, ba a waya ba. Ban musa masa gaba ɗaya ba. Kati ba zai koya wa yaro yadda ake gaisuwar ta'aziyya ba, ko yadda ake magana da suruki, ko inda ake sa karin magana. Sunaye kawai yake riƙewa. Illa iyaka na ce masa yaran nan sun riga sun sha a nonon, abin yana ciki, fitowa ce ba ya yi, kuma ba zai fito ba sai an tambaye su an yi shiru an jira. Mu iyaye ba mu cika jira ba. Yaro na fara in'ina sai mu cike masa, ko mu karɓi Turancin mu wuce. Akwatin da ke kan hoton shi ba ya gajiya da jira.

Wanda ba shi da babbar waya ma ba a bar shi a baya ba. A samo zanen, a rubuta sunayen da biro, a yanka 'yan takardu a liƙa kowacce da salatif ta gefe ɗaya yadda za ta riƙa buɗuwa kamar murfi. A tanadi ambulan uku: na kullum, na bayan kwana uku, na mako-mako. Zanen da yaro ya ci duka ya matsa gaba, wanda ya yi tuntuɓe a kai ya dawo na kullum. Minti 10 bayan sallar magariba ya isa. Sharaɗi ɗaya ne, sai ya faɗa da baki kowa ya ji kafin ya ɗaga murfin, don in a zuci ne, yana ɗagawa zai ce ai abin da nake nufi ke nan.

Rigimar da ta rage mana a gida ita ce ta kalmomi masu suna biyu. Hajiya ta ce dunduniya, uwar yaran ta ce ita diddige ta sani. Hajiya ta ce matsarmama, ni na tashi ina jin maɗaciya. An kai ruwa rana a kan wanda za a sa a ƙarƙashin akwati, har yayar ta gaji ta rubuta duka biyun, ta ce duk wanda yaro ya faɗa an ba shi maki. Hajiya ta amince, da sharaɗin in a gabanta ne, nata za a faɗa.